Babi na Bakwai: Mura da Kajin Gidanmu

Da zarar hunturu ya sauka, duwatsun Dutse suka ɓace cikin hazo, sai ka ji kowa na tari yana cewa iska ce ta buge shi, ko ruwan randa ya sha da asuba. A bar ɗora wa randa laifi. Ƙura dai tana busar da hanci da maƙogwaro, sanyi kuma yana tara mutane a ɗaki guda a toshe taga, amma mura ƙwayar cuta ce ta bairos, daga numfashin wani take fitowa ta shiga naka. Hausa kuma ta haɗa abu biyu a suna ɗaya: akwai ta yoyon hanci mai wucewa da kanta, akwai mura mai zafi, infuluwenza, wadda ke kayar da ƙato da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara.

Kada kuma a ce mini kafso. Maganin bakteriya ne, ba ruwansa da bairos, ko kwali guda ka shanye asarar kuɗi ka yi. Allurar rigakafin infuluwenza akwai ta, sai dai duk shekara ake sabunta ta domin ƙwayar tana sauya kama. Tsofaffi, masu ciki, ƙananan yara da masu asma ko ciwon suga, in numfashi ya fara sarƙewa a yi asibiti da su. Wanke hannu da rufe baki yayin atishawa kuwa, ɗan firamare ma ya sani.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina tsuntsaye ne. Asalin gidan ƙwayar infuluwenza cikin agwagwin daji da danginsu na ruwa yake, sau da yawa suna ɗauke da ita ba ta kwantar da su. Mu kuma a Jigawa muna da dausayin Haɗeja zuwa Nguru, da Baturiya, inda tsuntsaye daga Turai ke sauka duk hunturu. Sai ka dubi ranar kasuwa a Shuwarin: kaji, zabi, agwagi da tantabaru daga ƙauyuka daban-daban, an cusa su akurki ɗaya, wanda bai sayu ba a mayar da shi gida ya kwana da sauran. Ga hanya shimfiɗaɗɗiya.

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, ta kuma bayyana a gonakin Kano. Gwamnati ta sa diyyar naira 250 kan kowace kazar da aka hallaka. Mai kazar da ta fi haka daraja, me zai sa ya kai rahoto? Sai ya yi abin da muka gada: kaza ta fara gyangyaɗi, a kawo wuƙa kafin ta zama mushe, ko a ruga da ita kasuwa. Nan ne haɗarin yake. Naman da ya dahu sosai ba ya ɗauke da cutar, amma mai yanka, da mai fiɗa, da yarinyar da aka ba figa, su ke taɓa jini da kashi suna shaƙar ƙurar gashin. A Janairun 2007 wata matashiya ta rasu da cutar a Legas. A 2015 cutar ta sake ɓulla a Kano. In kaji suka fara zubewa a gida, a kira malamin dabbobi, a binne matattun a rami mai zurfi. Ba a jefa su bola karnuka su ja.

Abin da masana ke tsoro shi ne ƙwayar tsuntsu ta koyi tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Kakanninmu sun ga irinta. Murar 1918, wadda Hausawa suka kira marisuwa, ta sauka Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba, ta hau jirgin ƙasa zuwa Kano, layin da a lokacin bai cika shekara goma ba, daga nan fatake da jakuna suka ƙarasa da ita ƙauyuka. Masana tarihi na ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a Najeriya. Yau kuwa motar haya daga Kano zuwa Dutse awa biyu ce, kajin kuma a but suke.