Ƙwayar Maƙoƙo da Shari'ar Liyon

A gindin wuyan ɗan Adam akwai wata 'yar tsoka, likitoci na ce da ita tairod, ita ce kan kumbura ta zama maƙoƙo. Ruwan da take zubawa cikin jini shi ke daidaita zafin jiki da bugun zuciya. In ta gaza, ko aka yanke ta, sai mutum ya riƙa shan ƙwaya kowace safiya muddin ransa. Wannan ba jarabar mashaya ba ce, tilas ce.

A shekarar 2017 mutum wajen miliyan 3 ke shan Levothyrox a Faransa. Cikin watan Maris kamfanin Merck, bisa buƙatar hukuma, ya sake abin da ake cuɗa maganin da shi, amma ba a faɗakar da masu sha sosai ba. Dubbai suka yi kukan kasala, da jiri, da zubar gashi. Saboda yawan masu ƙara, a wani babban zaure aka yi shari'ar a 2018, can Villeurbanne, maƙwabciyar Vaulx-en-Velin. Da fari ba su yi nasara ba. Sa'an nan a 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta Liyon ta ce a biya kowannensu yuro 1,000, don an ɓoye musu bayanin da ya kamata su sani.