Kuloci Da Filayiwil: Kayan Tsere Ba Na Motar Neman Abinci Ba Ne

Jama'a, duk mai mota ya san ranar da kuloci ya gaji, ranar nan aljihu zai ji a jikinsa. Abin da ya sa kuwa shi ne, ba a isa wurinsa sai an sauke giyabos ɗungurungum. Saboda haka in an kai mota Suame Magazine a Kumasi, ko an shiga Abossey Okai a Ankara neman kayan gyara, akan sami masu ba da shawara cewa tun da an riga an buɗe, gara a sa kuloci mai ƙarfi irin na motocin tsere, a kuma sa filayiwil marar nauyi don mota ta ƙara tashi. To, shin wannan shawara ta dace da motar da ke kai yara makaranta, ko tasi da turoturo da ake ci da iyali da su? Bari mu bi abin daki-daki.

Da farko, filayiwil wani faifan ƙarfe ne mai nauyi da ke ɗaure a bayan inji. Aikinsa uku ne. Inji ba ya ba da ƙarfi a jere, bugu-bugu yake yi, nauyin faifan nan shi ke daidaita juyin. Na biyu, haƙoran da ke gefensa su sitata ke kamawa ta tayar da mota. Na uku, a fuskarsa faifan kuloci ke mannewa. Shi kuwa kuloci, sassansa uku ne: faifan da ke cinyewa, murfin da ke matse shi, da boris ɗin da ke sakin murfin idan direba ya taka. In ka ɗaga ƙafa, faifai ya manne, ƙarfin inji ya wuce giyabos, daga nan sai tayoyi.

Yaya mutum zai gane kulocinsa ya gaji? A kan hanya mai sarari, ka sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali, sannan ka taka totur sosai. In inji ya yi ta kuka amma gudu bai ƙaru ba, to faifai yana sulɓewa. Sauran alamun su ne ƙaurin ƙuna wajen hawan tudu, da karkarwa yayin tashi.

Yanzu sai batun kayan tsere. Filayiwil marar nauyi yakan sa inji ya amsa totur da sauri, wannan gaskiya ne. Amma ko kaɗan ba ya ƙara wa inji ƙarfi. Abin da ya rage shi ne juyin da ke tallafar mota wajen tashi. Sai ka ga mai irinsa a cunkoson Kejetia ko Nima mota tana ta mutuwa, dole ya riƙa ƙara wuta yana riƙe kuloci rabi, wanda shi ne babban abin da ke ƙone faifai. In kuma da lodi, ga hawan Aburi a gaba, wahalar ta ninka.

Haka faifan tsere, wanda ake yi da sinadari mai tauri. Kamawa yake yi farat ɗaya, babu lallami, yana kuma cin fuskar filayiwil. Murfinsa mai tsananin matsi yakan sa feda ta yi tauri, direban da ke takawa tun asuba har isha gwiwarsa ce za ta biya. An yi irin waɗannan ne domin injin da aka ƙara wa ƙarfi har kulocin asali ya kasa riƙe shi. In ba ka taɓa injinka ba, kulocin da kamfani ya auna masa ya ishe shi. Sirdin dokin sukuwa bai dace da jakin dako ba.

Akwai kuma wani nau'i da ya kamata masu motocin dizal su sani. A shekarar 1985 kamfanin LuK na Jamus ya fito da filayiwil mai hawa biyu, da sifirin a tsakani don shanye girgizar inji. Yana cikin motocin dizal da yawa, har da Sprinter. Yana da tsada, kuma galibi ba a goge fuskarsa, sai dai a sake shi. Wasu kan mai da shi irin na dā mai hawa ɗaya don sauƙin kuɗi. Mai son yin haka ya sayi cikakken saiti da aka ƙera domin motarsa, wanda faifansa ke da sifirin, ya kuma san ƙara da girgiza za su ƙaru.

To, mene ne gyara na hankali? Ka sayi sassan nan uku tare, na masana'antun da aka sani, kamar Exedy, Aisin, Valeo, Sachs ko LuK, ka kuma yi hattara da jabu, domin araha ba ta ado. Ka ce wa fita ya duba fuskar filayiwil: in ta yi zane-zane a goge ta, in ta tsage a sake. A duba robar da ke tare baƙin mai a bayan inji, don in tana yoyo, sabon faifai zai jiƙe ya lalace. A ɗaure kusoshi bisa ma'aunin kamfani, ba da ƙarfin damtse ba. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan, sai ya biya kuɗin sauke giyabos sau biyu.

Bayan gyara, a lallaɓa mota na kamar kilomita 800 kafin a ɗora mata nauyi. Kada a ɗora ƙafa kan feda ana tafiya, kada kuma a riƙe mota da kuloci a kan tudu, aikin birkin hannu ke nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, amin.