Na'urar Da Ke Hana Harshe Toshe Numfashi Cikin Barci

A gidajenmu na zango, inda ɗaki ke manne da ɗaki, babu wanda bai san mai minshari ba. Da safe a yi masa ba'a, yara su kwaikwaye shi, shi kuwa ya rantse bai taɓa yi ba. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, minshari iri biyu ne. Akwai wanda ke tafiya bai ɗaya har asuba. Akwai kuma wanda mai shi zai yi ta ja, sai ka ji tsit, can sai ya yi gurnani ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Wannan na biyun ciwo ne sosai, kuma saboda shi ne likitoci a Amurka da Turai suka kai ga dasa wa mutane na'ura a cikin jiki.

Ga yadda abin yake. Hanyar iska daga bayan hanci zuwa maƙogwaro ba ta da ƙashi, nama ne zalla, tsokoki ne ke riƙe da ita a buɗe. Da barci ya yi nisa sai tsokokin su saki. Harshe kuwa, wanda gindinsa ya fi abin da muke gani a baki girma nesa ba kusa ba, sai ya zame baya ya rufe hanyar, musamman in mutum ya yi kwanciyar rigingine. Ƙirji yana ta ƙoƙarin ja, iska ba ta wucewa. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokaci don ya buɗe hanyar, ya koma barci bai ma san ya farka ba. Likitoci suna ƙidaya duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10. In ta faru sau 5 zuwa 15 cikin awa guda, ciwon mai sauƙi ne. In ta haura 30, ya yi tsanani. To, mai karatu ya lissafa da kansa: sau 30 a awa, cikin awa 7, ya zama sau 210 ke nan a dare ɗaya. Ina barci a nan?

Sakamakon shi ne ciwon kai da safe, da mantuwa, da gyangyaɗi da rana tsaka, da hawan jini wanda ba ya jin magani, sa'an nan ga ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wani bincike da aka buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 936 a duniya, 'yan shekara 30 zuwa 69, suna da wannan ciwo. Mu dai inda abin ya fi ba mu tsoro shi ne 'yan'uwanmu direbobin manyan motoci, masu ɗauko kaya daga Tema su bi ta Kumasi da Tamale har Faga. Goro da shayi ba sa biyan bashin barci.

Maganin da aka fi sani shi ne injin hura iska da ake kira CPAP, wanda wani likita a Ostareliya mai suna Colin Sullivan ya bayyana wa duniya a 1981. Ana ɗaura abin rufe hanci, injin ya riƙa tura iska a hankali don kada hanyar ta rufe. Yana aiki ƙwarai, amma mutane da yawa ba sa iya jure kwana da shi kullum. Don irin waɗannan ne aka ƙera na'urar da muke magana a kanta.

Dabarar mai sauƙin fahimta ce. Akwai jijiya da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ta 12 a jerin jijiyoyin kai, wadda ke ba harshe umurnin motsi. Wani reshenta shi ke sa a turo harshe gaba. Likitoci suka ce, tun da barci ne ke rage umurnin, me zai hana a aika da shi daga wani wuri? Sai a yi wa mutum tiyata, a tsaga ƙarƙashin muƙamuƙi a naɗa wa reshen jijiyar wata 'yar waya, a kuma tsaga ƙirji ta dama a binne ɗan akwati mai batir a ƙarƙashin fata, irin wanda ake sa wa masu ciwon zuciya. Na'urar tana jin lokacin da mutum zai ja numfashi, sai ta saki 'yar wutar lantarki kaɗan, harshe ya matso gaba, iska ta wuce. Ba a kunna ta sai bayan kamar wata guda da aikin, in ciwo ya warke. Daga nan mai ita ne ke kunnawa da ramut in zai kwanta, ta ɗan jira har barci ya ɗauke shi kafin ta fara, da safe ya kashe. Batirin ya kan yi wajen shekara 11, sa'an nan a sake ƙaramar tiyata a canza.

Wadda ta fi suna ita ce Inspire, ta wani kamfani a jihar Minesota, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2014. Gwajin da aka dogara da shi an yi shi kan mutum 126. Bayan shekara guda, tsayawar numfashi ta ragu daga wajen 29 a awa zuwa 9, wato ragin kashi 68 cikin 100. Amma a lura, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ba su samu sauƙin da ake nema ba, alhali kuwa an tace su sosai kafin a ɗauke su. Akwai kuma wata mai suna Genio, ta ƙasar Beljiyam, wadda ake dasawa a ƙarƙashin haɓa ba tare da batir a jiki ba. Da dare ake manna mata abin ba da wuta daga waje. Turai ta amince da ita a 2019, Amurka kuma a 2025.

Ba kowa ake yi wa ba. Sai wanda ya gwada injin iska ya kasa. Mai ƙiba sosai ba ya cika amfana. Kafin aikin ma sai an sa mutum barci da allura an leƙa maƙogwaronsa da kyamara, domin in bayan gandarsa yana rufewa ta ko'ina kamar bakin jaka, turo harshe gaba ba zai wadatar ba. Wasu kuma su kan yi kukan ciwon harshe ko bushewar baki. Kuɗin kuwa, a Amurka na'urar da aikin su kan kai dala 30,000 ko fiye, ban da zirga-zirgar komawa wurin likita don daidaita ƙarfin wutar. A ganinmu, duk wanda ɗansa da ke ƙasar waje ya kira shi da zancen wannan na'ura, to ya fara tambaya ko an auna barcinsa tukuna.

Domin kuwa akwai abin da ke hannunmu. Rage ƙiba yana rage ciwon ƙwarai. Kwanciya ta gefe tana taimakon wasu da yawa. Giya da ƙwayar sa barci suna ƙara sakin tsokoki, taba kuma tana kumbura hanyar. Yaro mai minshari da barci baki buɗe, sau da yawa ƙululun maƙogwaronsa ne suka yi girma, kuma aikin likita ne. Kada kuwa wani ya ji zancen maƙogwaro ya nufi wanzami a cire masa beli. Gindin harshe yana can ƙasa inda aska ba ta da abin yi.

Shi mai ciwon ba ya jin kansa, saboda haka shaidar tana wurin uwargida ko abokin ɗaki. A daina jin nauyin faɗa. A ɗauki sautin barcin da waya na 'yan mintoci, a ƙidaya tsawon shirun, a kai wa likitan kunne da hanci da maƙogwaro, irin waɗanda ke Korle Bu a Ankara da Komfo Anokye a Kumasi. In mutumin yana shan maganin hawan jini, a tafi da katinsa da magungunan duka.