Rabon Aji Huɗu: Yadda Ake Zaɓen Darussa a Babbar Sakandare

Yaron da ya gama aji uku na sakandare a Nijeriya, ya rubuta jarrabawar BECE, idan ya dawo daga hutu zai tarar an raba su gida uku: ajin kimiyya, ajin adabi da zamantakewa, da ajin kasuwanci. A makarantu da yawa rabon ba ya wuce safiya guda. Malami ya fito da takarda, ya kira sunaye, waɗanda suka taɓuka a lissafi su nufi wancan ɗaki, sauran su nufi wannan. Yaron bai fi shekara 15 ba, iyayensa kuma wani lokaci ba su ma san an yi ba. Alhali a wannan safiyar aka tsaida irin karatun da zai iya nema a jami'a.

Abin ya samo asali ne daga tsarin 6-3-3-4 da ya fara aiki a 1982: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 ya ɗauki shekara tara na farko a matsayin karatun tushe, inda kowa ke koyon abu ɗaya. Daga aji huɗu, wato SS1, hanya take rabuwa, bisa manhajar da hukumar NERDC ke tsarawa.

Akwai darussan da ba wanda ke tsallake su: Turanci, lissafi, ilimin zama ɗan ƙasa, da sana'a guda. Manhajar 2011 ta zo da sana'o'i 34, har da kiwon kifi, ɗinki, rini da aikin fata, sai a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage su zuwa shida, ciki har da haɗa sola da gyaran waya. A kan waɗannan ne kowane aji ke ɗora nasa. Ɗan kimiyya zai ɗauki fiziks, kemistiri da bayoloji, ya ƙara da ilimin noma ko jogurafi. Ɗan adabi zai ɗauki adabin Turanci, darasin gwamnati ko tarihi, addinin Musulunci ko na Kirista, da harshe kamar Hausa ko Larabci. Ɗan kasuwanci kuma akanta, kasuwanci da tattalin arziki. A ƙarshen aji shida, darasi takwas ko tara ake rubutawa a WAEC ko NECO. Makarantun Arabiyya suna da tasu jarrabawar ta hukumar NBAIS.

To amma don a gane nauyin zaɓin, sai an faro daga ƙofar jami'a a dawo baya. Jami'a tana neman kiredit biyar, wato sakamako daga A1 zuwa C6, kuma ba kowane biyar ba, sai waɗanda suka dace da kwas ɗin. JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ita ma darasi huɗu take ba ɗalibi: Turanci dole, sauran ukun kwas ne ke tsaida su. Mai son likitanci zai rubuta fiziks, kemistiri da bayoloji. Mai son injiniyanci, lissafi da fiziks da kemistiri. Mai son aikin lauya, galibin jami'o'i ba sa sauraronsa idan babu adabin Turanci. Nan ne yara da dama ke faɗuwa ba tare da sun faɗi jarrabawa ba. Yarinya ta ci kiredit takwas, ta ce lauya take so, sai a duba a ga makarantarsu ba ta taɓa samun malamin adabin Turanci ba, don haka ba ta rubuta shi ba. Wannan ba laifinta ba ne, amma ita ce za ta yi asarar shekara.

Akwai kuma wata fahimta da ta yi kaka-gida a cikinmu, cewa ajin kimiyya na masu ƙwaƙwalwa ne, sauran kuma na waɗanda suka rage. Ƙishirwar kimiyya a Arewa tana da dalili. Ƙarancin likitoci da injiniyoyi ne ya sa Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kuma kowa ya ga amfaninsu. Sai dai waɗancan an tanadar musu ɗakunan gwaje-gwaje da malamai. Kimiyya ba a haddace ta. A jarrabawar aiki ta kemistiri, za a ba yaro dogon gilashi mai famfo a ƙasa, ya riƙa sakin asid ɗigo-ɗigo cikin kwalba yana jujjuya ta, har ruwan ya juye daga ɗorawa zuwa ja-ja, nan take ya rufe famfon ya karanta awo. Wanda bai taɓa riƙe kayan ba sai a ranar, hannunsa rawa zai yi, ɗigo ya zarce, lissafin duka ya rushe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shi ya sa nake ganin zalunci ne a tura yaron da zuciyarsa ke kan tarihi ko Hausa cikin ajin kimiyya don kawai a ce ɗan wane sayans yake yi. Shekara uku zai yi yana fama, ya fito da D7 a fiziks, alhali da an bar shi inda ya fi ƙarfi da ya fito da sakamakon da zai kai shi jami'a. Alƙalai, malamai, 'yan jarida da akantoci da dama daga sauran azuzuwan biyu suke fitowa, kuma ƙasa ba ta tafiya sai da su. Sauya aji yana yiwuwa a zangon farko na aji huɗu, amma da an shiga aji biyar abin ya yi wuya, domin an riga an yi masa nisa.

Idan kana da ɗa ko ƙane a aji uku, ka zauna da shi tun kafin hutu ya ƙare, ka ji abin da yake so. Ka duba ƙa'idojin JAMB na wannan kwas ɗin, sannan ka taka zuwa makarantar ka tambayi shugabanta ko akwai malamin kowane darasi da ake buƙata.