Yadda Taurarin Farko Suka Yaye Hazon Sararin Samaniya

Da rani, idan dare ya yi a Hawata, garin da ke bakin kogin Rahad a jihar Gadarif ta Sudan, inda Hausawa da yawa suka zauna, ana ganin taurari uku a jere kudu maso gabas da Kaza da 'Ya'yanta. Kusa da su akwai wani ɗan tabo kamar hayaƙi, wanda masana ke kira gajimaren Oriyon. Iskar haidurojin ce, kuma abin da ke faruwa a cikinta yau shi ne ya taɓa faruwa ga sararin samaniya baki ɗaya.

Ƙwayar haidurojin abu biyu ne ke cikinta: furoton ɗaya a tsakiya, da ilaktaron ɗaya da ke kewaya shi. Manyan taurari sabbin haihuwa, waɗanda zafinsu ya wuce digiri 30,000, suna fitar da wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani. Idan ya bugi ƙwayar, sai ya fizge ilaktaron ɗin, ya bar furoton tsirara. Irin waɗannan taurari ne ke cikin gajimaren Oriyon.

To, a koma farko. Masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya a kan biliyan 13.8. Bayan shekara 380,000 da farawarsa ya huce, har furoton da ilaktaron suka haɗu. Babu tauraro ko ɗaya, sai haidurojin ko'ina kamar hazon hunturu, mai shanye irin wancan haske. Da taurari suka fara kunnuwa cikin ƙananan gungu, wato galaksi, kowane gungu sai ya fara cinye hazon da ke kewaye da shi, ya buɗe fili kamar kumfa. Kumfar ta yi ta girma tana haɗuwa da ta maƙwabta, har hazon ya yaye wajen shekara biliyan ɗaya bayan farawa. A 1965 Gunn da Peterson suka bayyana alamar da hazon zai bari a hasken da ya ratsa shi, amma sai a 2001 aka gan ta sosai.

Inda gardama take shi ne su wa suka yi aikin. Tauraro a cikin iska da ƙura ake haihuwarsa, saboda haka yawancin haskensa a gida yake ƙarewa. A ƙaramin gungu kuwa, manyan taurari ba sa wuce 'yan shekaru miliyan kafin su fashe, kuma fashewar takan huda iskar, haske ya sami ƙofa. Babban gungu ya fi riƙe iskarsa.

Madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba a Disamban 2021, ya ƙarfafa wannan ra'ayi. A 2024 Hakim Atek da abokan aikinsa sun auna ƙananan gungu takwas masu dishi-dishi, suka tarar suna fitar da hasken nan ninki huɗu na yadda aka zata. Takwas dai ba yawa ba ne, kuma duk a gefe guda na sama suke. Sannan abin da aka auna shi ne hasken da taurarin suka samar. Wanda ya tsere waje ba ya isowa gare mu, domin haidurojin da ke kan hanya ya shanye shi, sai dai a ƙiyasta shi daga wasu alamu.