HATTARA DA BEL DA GAS WAJEN SAKE KWAMFARESAR MOTA

Da zarar bazara ta kama sai ka ga motoci sun cika garejin masu gyaran iyakwandishan. Mai mota yakan zaci sanyi kaɗai ya rasa, alhali kuwa abin ya wuce nan. A yawancin motocin zamani bel ɗaya tak ke juya kwamfaresa da na'urar cajin batir, a waɗansu ma har da famfon ruwan lagireto. In kwamfaresa ta cije tana iya tsinka bel ɗin, caji ya tsaya, inji ya yi zafi, mutum ya kwana a daji da iyalinsa. Saboda haka ya kamata kowa ya san yadda aikin yake, ko da bakanike zai ba.

Da farko a kashe inji, a cire wayar batir mai alamar ragi. Sa'an nan a zuƙe gas da injin da aka yi dominsa, kada a sake shi a iska. Tsohon gas, watau R-12, an daina ƙera motoci da shi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, domin yana ɓata rufin sama da ke tare mana mugun hasken rana. Magajinsa, R-134a, sanyinsa yakan kai digiri 26 ƙasa da sifiri in ya tsirto, yana ƙona fata, yana kuwa makanta ido.

To, sai batun bel. Kafin a taɓa shi, a zana hanyar da ya bi a takarda, don mantuwa. Akwai wani ɗan faifai mai sifirin wanda ke ɗaure bel kullum. A kafa dogon sifana a kansa, a danna sannu a hankali har bel ya saki, a zare shi, kana a mai da sifana a hankali. Sifirin nan ƙarfi gare shi, kada wanda ya sa yatsa tsakanin bel da faifai. Tsofaffin motoci kuwa noti ake sassautawa.

Daga nan a kwance waya da bututai biyu da notocin kwamfaresa, a toshe bakin bututan saboda ƙura. Sabuwar a zuba mata irin man da maƙeran motar suka ambata, daidai gwargwado. Lalle ne a sake robobin haɗi da gwangwanin tsotse danshi, a kuma wanke bututai, gama ɓurɓushin tsohuwar shi ke kashe sabuwar. In bel ya tsattsage, shi ma a sake shi.

A ƙarshe a zuƙe iskar ciki na aƙalla minti 30, a duba ko akwai yoyo, sa'an nan a ɗura gas bisa awon da aka rubuta a ƙarƙashin murfin inji.

Jama'a, bakaniken da ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan, kuɗinku ya ƙona. Ku tsaya ku gani da idonku. Sannu ba ta hana zuwa.