Tsakar Gidan Kaka: Ki Ajiye Hotonsa Kafin a Zuba Siminti

Uwargida, in ɗanki ya tambaye ki yadda Kano take kafin zuwan kyamara, me za ki nuna masa? A watan Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya hau Dutsen Dala ya zana birnin da hannu. Da ya koma gida, wani gwanin zane mai suna Bernatz ya sake fitar da zanen, aka buga shi a littafin Barth mai juzu'i biyar a 1857 da 1858. Shi ya sa har yau muke iya ganin gidajen ƙasa na wancan zamani.

Zane guda yakan yage ko ya ɓace, sai an ninka shi yake daɗewa. A ƙasar Holan, masu wannan sana'a sukan shafe farantin tagulla da kakin zuma, su zana hoto a kai da allura, su tsoma shi a ruwan asid. Asid ɗin ya ci inda allura ta bi kaɗai. Sai a cusa tawada a ramukan, a matse takarda a kai, a fitar da kwafi da yawa. Tsohon gidan ibadar Kirista na Egmond, wanda aka rushe a 1573, irin waɗannan zane-zane ne suka adana kamannin kangonsa. Ki ba yaranki takardar naira 200 su shafa hoton Sardauna: kaushin da za su ji, dangin wannan ɗab'i ne.

To mu fa? Nan Wudil, kowace damina sai katangar ƙasa ta faɗi, a maye ta da bulo. Ba laifi, lafiyar iyali ce gaba. Amma zaure, rumbu, murhu da rijiyar tsakar gida suna tafiya ba shaida.

Kafin magina su zo, ki ɗauki hoton kowace kusurwa da safe, lokacin da haske bai yi zafi ba. Kada ki bar shi a waya kawai, waya takan lalace ko a sace. Ki kai a wanke miki kwafi uku, ki rubuta sunan unguwa da shekara a baya, ki raba wa dangi. Ki zaunar da kaka ta faɗa wa jikoki ɗakin wa ke ina, tun tana da rai.

Wane gida ne kike fatan da an ɗauki hotonsa kafin a rushe shi?